Batirin Mota A Cikin Shago: A Yi Lissafi Kafin A Ɗora Masa Kaya

 

Duk wanda ke zagaya kasuwanninmu na kan iyaka ya san cewa akwai wani abu da a yanzu ya shiga sahun kayan shago, kamar yadda sikeli da mudu suke. Wannan abu kuwa shi ne batirin mota da ake ajiyewa a ƙarƙashin teburi, a jona masa wata ƴar akwatin ƙarfe mai juya wuta, wadda aka fi sani da inbata. Mai cajin salula yana da ita, mai aski yana da ita, haka mai sayar da magani da mai shayin da ke kunna wa jama'a talabijin su kalli ƙwallo. Da yamma kuma wasu kan ɗauki batirin a bisa babur su kai gida domin iyali su sami haske da iskar fanka.

Kowa ya san dalilin da ya kai mu ga haka. Kafin shekarar 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya kuma ta yanke wutar a farkon watan Agusta. A cikin wannan shekara ce dai, ranar 29 ga watan Mayu, gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku, wanda hakan ya sa tada janareto ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa a ɓangarorin iyaka biyu. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, wutar ta dawo, an kuma sami ƙarin tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 a kusa da Yamai. To amma wanda ya sha duhu na watanni ba ya sake sakin jiki, balle ga shi duk lokacin bazara sai an yi fama da ɗaukewar wuta.

Saboda haka mu ba mu ga laifin duk wanda ya nemi mafita da batir ba, hasali ma dabara ce da ta cancanci yabo. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, mun lura cewa ɗan kasuwar da ba zai taɓa sayen buhun gero ba sai ya soka hannu ya ga ƙwayar, ya kuma san tiya nawa ke ciki, shi ne kuma zai zaro kuɗi ya sayi batir da inbata a kan maganar mai sayarwa kawai, wai “za ta ɗauki komai”. Bayan ƴan watanni batir ya mutu, a sake sayen wani, shi ma ya bi ɗan uwansa. Ra'ayinmu shi ne, wannan asara ba ƙaddara ce kawai ba, rashin lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin duk wanda ya iya juya naira zuwa sefa a kansa ba.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, batir randa ce, ba rijiya ba ce. Abin da aka zuba mata shi za a ɗiba, in ya ƙare kuma sai an sake cika ta. Ita kuwa inbata ba ta haifar da wuta ko kaɗan. Aikinta shi ne ta karɓi wutar batir mai ƙarfin bolt 12 da ke tafiya ta hanya ɗaya, ta mayar da ita irin ta gida mai bolt 220 zuwa 230 wadda ke kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. A wajen wannan juyi ma sai ta ci ladarta, domin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na wutar yana zama zafi ya bi iska. Ke nan sayen babbar inbata ba ya ƙara wa batir komai, kamar yadda babban moɗa ba ya ƙara ruwan randa, sai dai ya sa ta ƙare da wuri.

Ga yadda lissafin yake. A jikin kowane batir an rubuta lambobi biyu, alal misali 12V da 60Ah. Idan aka ninka 12 sau 60 za a sami 720. Wannan shi ne cikin randar, ana kuma ƙirga shi da wat a awa, wato batirin zai iya ba da wat 720 na tsawon awa ɗaya a bisa takarda. To amma batirin dalma ba ya son a kwashe fiye da rabinsa, sai mu raba biyu, saura 360. A cire ladar inbata, abin da ya rage a hannu kimanin 300 ne. Wannan 300 ita ce jarinka na dare ɗaya.

Yanzu sai a duba kayan da za a kunna, domin kowanne an rubuta adadin wat ɗin da yake sha a jikinsa ko a kwalinsa. A ce ƙwan fitila biyu na zamani masu wat 10 kowanne, fanka mai wat 50, da ƙaramar talabijin mai wat 50. Jimla wat 120 ke nan. A raba 300 da 120, za a sami awa biyu da rabi. Wato wanda ya kunna waɗannan kaya bayan sallar magariba, ba da jimawa ba bayan isha'i ya cinye rabon da ya halatta ya ci. Duk abin da ya sha bayan nan, daga cikin ran batirin yake yanka. Idan kuwa ƙwan fitilar biyu kaɗai ya bari, za su kai shi asuba har da saura. Mai cajin salula shi ma ya sani cewa wannan jari na 300 manyan wayoyi 12 zuwa 15 kawai zai cika, ba hamsin ba.

Akwai kuma kayan da bai kamata a kusantar da su ga batirin mota ba sam. Duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi, kamar dutsen guga, butar dafa ruwa, da rishon lantarki, yana shan wat 1000 zuwa 2000. Dutsen guga mai wat 1000 zai riƙa jan fiye da amfiya 90 daga batir mai bolt 12, ya shanye jarin nan cikin ƙasa da minti 20. Masu sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara kuma su lura da firiza. Ko da an rubuta wat 120 a jikinta, a lokacin da injinta ke tashi takan ja ninkin haka sau uku zuwa sau biyar, ko ma fiye. Shi ya sa za a ga inbata tana kuka tana mutuwa da an jona firiza, mai shago yana zargin an sayar masa da jabu, alhali kuwa kaya ne ya fi ƙarfin jaki.

Abu na biyu shi ne, batirin mota an yi shi ne domin wani aiki na daban. Tun a shekarar 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma da asid, daga baya kuma masu ƙera shi suka raba shi gida biyu. Na mota yana da faranti sirara masu yawa a cikinsa, domin ya ba da wuta mai tsananin ƙarfi na ƴan daƙiƙoƙi ya tada inji, nan take kuma mota ta mayar masa da ɗan abin da ya kashe. Na sola kuwa, da irin dogon nan da ake haɗawa da inbata, farantansa masu kauri ne, an yi su domin su riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon dare, a cika su da rana, kullum haka. Na farko dokin sukuwa ne, na biyu raƙumin fatake. Wanda ya ɗora wa dokin sukuwa buhunan gishiri ya ce ya kai shi Agadas, to kada ya yi mamaki idan dokin ya faɗi a hanya.

Abin da ke faruwa a cikin batirin shi ne, duk lokacin da aka kwashe shi ƙasa sosai, wani farin gishiri yana kama farantan. Idan aka yi caji da wuri gishirin yana narkewa ya koma, idan kuwa aka bar batirin a kwance babu caji na kwanaki, sai ya daskare ya ƙi sauka, randar ta riƙa tsukewa daga ciki. Shi ya sa batirin da ke kai awa uku a watan farko yakan koma awa ɗaya, daga nan sai minti ashirin. Ga kuma zafin ƙasarmu. Ƙa'idar da masu harkar batir ke bi ita ce, duk ƙarin zafi na kimanin digiri 10 a bisa 25 yana rage rabin kwanan batirin dalma. To ina ga batirin da ke zaune cikin shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ya haura digiri 40?

Mutane da dama suna dogara da kukan inbata domin su san lokacin kashewa. Wannan kuskure ne mai tsada, domin yawancin ƙananan inbata ba sa yankewa sai batir ya sauka wajen bolt 10.5, wato sai randa ta bushe ƙarƙaf. Abin da ya fi shi ne a mallaki ƴar mitar gwada wuta irin ta masu gyaran rediyo. A auna batirin bayan ya huta babu kaya a kansa. Idan ya nuna 12.6 ko 12.7 a cike yake, idan ya sauka wajen 12.2 an kai rabi, sai a tsaya a kai shi caji. Cajin kuma a yi shi a hankali, kimanin kashi ɗaya cikin goma na lambar Ah, wato amfiya 6 ga batir mai 60Ah. Cajin gaggawa da ke sa batir tafasa yana cinye farantansa. Mai farantin sola kuma kada ya jona shi kai tsaye, sai da na'urar daidaita caji a tsakani.

Ita kanta inbata iri biyu ce. Akwai mai araha wadda wutarta ke fita a gutsure kamar matakala, akwai mai tsada wadda wutarta ke fita sumul kamar ta NIGELEC. Mai arahar tana iya riƙe fitila da wasu caja, amma duk abin da ke da inji a ciki, kamar fanka, firiza, keken ɗinki na lantarki da injin aski, zai riƙa gurnani yana zafi, kwanansa na raguwa. Haka zalika lambar da ake rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali sau da yawa ta ƙarfin ɗan lokaci ce, ba wanda inbatar za ta iya riƙewa na awoyi ba. A nemi ƙaramar lambar, ita ce ta gaskiya. Masu iya magana dai sun ce araha ba ta ado.

Duk wannan maganar asarar kuɗi ce. Akwai wadda ta fi ta, wato ta rai da dukiyar maƙwabta. Jama'a da yawa suna raina wutar batir saboda ba ta jan mutum idan ya taɓa. Amma batirin da ke iya murɗa injin mota yana iya mayar da siririyar waya jan garwashi cikin daƙiƙoƙi. Abin takaici, sau da yawa da irin siririyar wayar fitila ake haɗa batir da inbata, a murɗa ta da hannu, babu fiyus, ga kwalaye da atamfa da leda a gefe. Wajibi ne wayar da ke tsakanin batir da inbata ta kasance mai kauri kuma gajera, a ɗaure ta tamau, a sa fiyus kusa da kan batir mai alamar tarawa. Kada a ajiye sifana ko wani ƙarfe a bisa batir, domin da zarar ya haɗa kawunan biyu sai tartsatsi. Direbobin da ke jona inbata a ramin kunna taba na mota su ma su sani cewa ramin ba ya ɗaukar fiye da wat 120 zuwa 180.

Bugu da ƙari, batir yana fitar da wata iska marar launi marar wari a lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta har ta fasa batirin ta watsa asid. Ke nan ba a cajinsa a ɗakin da aka rufe ruf, ba a kuma kusantar da taba, ashana, maganin sauro na kunnawa ko gawayin shayi. Idan ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan da ake sayarwa domin batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Idan asid ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, sannan a garzaya asibiti. Wanda kuma ke barin injin mota a kunne domin batir ya riƙa cika, kada ya yi haka cikin gareji ko kusa da tagar ɗakin kwana, domin hayaƙin salansa yana kashe mutum cikin barci.

Wani ganganci da ya kamata a daina shi ne jona inbata kai tsaye a soket ɗin bango domin wuta ta zagaye gida ko shago, ba tare da makunnin da ke raba ta da layin NIGELEC ba. Wutar tana iya komawa kan layi ta sami ma'aikacin da ya hau turke yana gyara da tunanin babu wuta. Idan kuma aka dawo da wuta ba zato, inbatar ce za ta ƙone, wataƙila har da shagon. Duk wanda ya ji labarin gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982, ko ta kasuwar Sabon Gari ta Kano ta 2016, ya san cewa wutar kasuwa ba ta tambayar rumfar wa ta fara. Sakacin mutum ɗaya yana iya cinye jarin mutum ɗari.

Sai kuma batirin da ya mutu. Dalmar da ke cikinsa guba ce, musamman ga ƙananan yara, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, sakamakon fasa tsofaffin batira da tono dalmarsu a cikin unguwa. Muna roƙon jama'a kada a fasa batir a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a bar yara su yi wasa da shi. A mayar da shi a rufe ga masu saye, a karɓi ɗan abin da ya samu.

Mun san abin da wasu za su ce: “Malam, duk mun ji, amma talaka ina ya ga kuɗin batirin sola, balle na litiyom?” Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu yi watsi da ita ba. Amsarmu ita ce, a yi lissafin shekara, kada a tsaya ga na ranar saye. Batirin motar da ake kwashewa kowane dare yakan mutu cikin watanni, na sola mai kyau yakan yi shekaru idan an kula da shi, na litiyom kuwa yana jure caji da saukewa sau dubbai, ana kuma iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da an cuce shi ba. Wanda ya sayi batirin mota sau uku a jere ya riga ya biya kuɗin mai kyau, sai dai bai riƙe shi a hannu ba. Mu da muka iya adashi domin biki da suna, ba zai gagare mu mu yi shi domin wutar shago ba.

Wanda kuma batirin mota ne kaɗai ƙarfinsa, to akwai hanyar da zai ja kwanansa. Ya nemi fitila da fanka da talabijin masu aiki da bolt 12 kai tsaye, waɗanda yanzu suke cike da kasuwa, domin da su babu buƙatar inbata balle ladarta. Ya kashe inbata idan ba a amfani da ita, domin tana shan wuta ko babu kaya a kanta. Ya ajiye batir a inuwa inda iska ke ratsawa, ya tsaya a rabi, ya kai caji washegari da safe. Kuma kada ya zare batirin motar da yake neman abinci da ita ya kwana yana kallo, gobe ranar kasuwa a wayi gari ana tura mota.

A ƙarshe muna kira ga ƴan uwanmu masu sayar da batir da inbata da su ji tsoron Allah su riƙa tambayar mai saye abin da zai kunna, su yi masa lissafi kafin su karɓi kuɗinsa. Cinikin da aka yi da gaskiya shi ne ke dawo da mai saye. Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da su ɗauko ƙwararren mai gyaran wuta ya zagaya rumfuna kafin shigowar bazara, ya duba waya da fiyus, a kuma kafa dokar kashe inbata kafin a kulle shago da dare. Hukumomin gari su ma su ware wuri a bayan kasuwa domin tara matattun batira. Mu kuma a gidajen rediyon al'umma a shirye muke mu ba masu sanin wannan aiki fili su yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya tsare mu da gobara, ya kare dukiyoyinmu, ya sa albarka a cikin nemanmu. Amin.